FILIN SHAWARAR IYAYE: Yaro ya ce kiɗa da wasan kwaikwayo zai koya, wace makaranta za a kai shi?

Jarrabawa ta wuce, sakamako ya fito. A gundumomin Ƙonni, Malbaza da Illela, gidaje da yawa sun shiga shawara. Ina yaro zai dosa in an koma lakwal a watan Oktoba? Wani ya ce aikin likita yake so. Wani ya ce malanta. Wani ya ce aikin gona na zamani. Waɗannan duka iyaye sun san hanyarsu. Amma akwai yaron da zai sunkuyar da kai ya ce: "Baba, ni kiɗa da waƙa nake so in koya." Wani kuma ya ce wasan kwaikwayo, wanda ake kira teyatur. A nan uba yakan yi shiru. Bai san makarantar ba, bai san kuɗinta ba, bai kuma san abin da yaron zai ci da ita ba.

Filin wannan wata na irin wannan uba ne.

A ɗauki misalin manomin albasa a Galmi. Ya kwashe rani yana ban ruwa. Ya cika rudu biyu, yana jiran albasa ta yi tsada. Yana da sa guda a turke. Kuɗin karatun ɗansa daga nan za su fito. In ya zaɓi makaranta ta ƙwarai, iri ne ya shuka. In ya zaɓi ta banza, rudu ya ƙare, sa ya tafi kasuwa, yaro kuma ya dawo da takardar da babu mai karɓarta. Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi.

SANA'A CE KO SHIRIRITA?

A ƙasar Hausa kiɗa gado ne. Akwai makaɗan sarki masu kakaki da algaita. Akwai masu gangar noma da ke bin gayya. Akwai masu kalangun mahauta. Akwai makaɗan ƴan kokowa. Makiyayi yana da sarewarsa, matan Buzaye suna da tindensu. Amma wanda bai gada ba, in ya shiga, sai a ce ɗan wane ya zama maroƙi. Wannan shi ne tsoron uba, kuma tsoro ne mai dalili.

Sai dai a tuna abin da ya faru a ƙasar nan. A zamanin Shugaba Seyni Kunce an farfaɗo da samariya. Daga shekarar 1976 aka riƙa yin babban bikin matasa na ƙasa a watan Afrilu, yana zagaya manyan birane. Ƴan ƙauye da na birni sun yi gasar waƙa, rawa da teyatur. Tsofaffin ƴan samariya na nan da rai, za su ba da labari.

Yazi Dogo, ɗan Dogon Dutsi, malamin lakwal ne. A Damagaram ya yi suna da wasan kwaikwayo cikin Hausa. Rediyo da talabijin suka kai wasanninsa gida-gida. Ya sa mutane dariya, ya kuma yi musu gargaɗi. Umaru Ganda ya ci babbar kyautar fim ta Wagadugu a 1972, yau babban gidan al'adu na Yamai sunansa yake ɗauke da shi. A Najeriya, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Mamman Shata digirin girmamawa na dakta a 1988. A nan gida, gasar mawaƙa ta ƙasa da ake yi a Tawa an sa mata sunan Ɗan Gurmu, mawaƙin Adar.

Saboda haka sana'a ce. Amma sana'a ce mai wuya, wadda ba kowa ke cin abinci da ita ba. Shi ya sa take son shawara fiye da sauran.

A FARA GWADA YARON A GIDA

Manomi ba ya shuka sabon iri a gona duka. Yakan gwada shi a gefe guda tukuna. Haka za a yi wa yaron.

Makaranta ba ta ba mutum murya. Ba ta ba shi kunnen kiɗa. Abin da ya zo da shi take wasawa. To, me yaron ya taɓa yi? Ya taɓa shirya tashe da azumi? Ya shiga wasan ƙarshen shekara na lakwal? Ya taɓa haɗa gurmi da hannunsa? Ya taɓa tsara waƙa tasa ta kansa, ko ta mutane kawai yake maimaitawa daga salula?

A lokacin hutu uba ya bar shi ya shiga ƙungiyar wasa ta gidan matasa, ko ya riƙa zuwa gidan rediyon garinsu. A Tawa akwai gidan matasa da al'adu mai sunan Albarka Cibau. A sa ido wata 3. Yana zuwa gwaji a kan lokaci? Yana jure gyara in an ce ya yi kuskure? Yana tashi ya yi aikin gona da safe, ko ya fake da wasa ya guje wa hauya? Wanda ke son sana'ar za a gani. Wanda suna da tafi kawai yake so, shi ma za a gani. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

KOWACE ƘOFA DA MABUƊINTA

Makarantun ba ɗaya ba ne. Takardar da yaro ke riƙe da ita ita ce mabuɗi.

1. Wanda ba shi da takarda. Tsohuwar hanya tana nan. Yaro yakan bi maigida, ya ɗauki kayan kiɗa, ya zama ɗan amshi, har hannunsa ya faɗa. Manyan makaɗa ta nan suka fito. Ba a biyan kuɗin makaranta, amma ba a ba da takarda. A nan halin maigidan shi ne abin dubawa, don yaro halinsa zai kwasa tare da kiɗansa.

2. Wanda ya gama firamare. Hukuma ta buɗe ƙananan makarantun koyon fasaha da al'adu a cikin jihohi, ana kiran su EFAC. Uba ya je ofishin al'adu na jiha a Tawa, ko ya tambayi darektan lakwal ɗin yaron yadda ake shiga.

3. Mai son kiɗa zalla. A Yamai akwai cibiyar koyon kiɗa da ake kira CFPM Taya. An buɗe ta a 1989. An sa mata sunan Alhaji Taya, shugaban wata shahararriyar ƙungiyar makaɗa ta babban birni. Ana koyon kayan kiɗa na zamani, an kuma tara kayan kiɗa na gargajiya na kabilun Nijar a wurin.

4. Mai son aikin matasa ko aikin rediyo. A Yamai akwai INJS, inda ake horar da malaman wasannin motsa jiki da ma'aikatan da ke kula da matasa da al'adu. Akwai kuma makarantar ƴan jarida da masu aikin na'ura na rediyo da talabijin, wadda a da ake kira IFTIC. Wanda ya iya ɗaukar murya da hoto, ko bai hau dandali ba, mawaƙa da ƴan wasa suna bukatarsa kullum.

5. Wanda ya ci BAK. A Jami'ar Abdu Mumuni ta Yamai, cikin tsangayar adabi, akwai sashen fasaha da al'adu. Karatun digirin farko, wato lisans, shekara 3 ne. Mai son ƙari sai ya yi shekara 2 na masta. Jami'ar Jibo Hamani ta Tawa, wadda aka kafa a 2010, ita ce mafi kusa da gida. Amma an fi saninta da karatun shari'a, tattalin arziki da horar da malamai. Kada a zaɓi makaranta don kusa kawai. A fara tambaya ko tana koyar da abin da ake nema.

Sharuɗɗan shiga suna sakewa daga shekara zuwa shekara. A nemi sanarwar bana, kada a dogara da labarin bara.

MAKARANTUN ƘETAREN IYAKA

Mutumin Ƙonni ya fi kusa da Sakkwato a kan Yamai. Zuwa Yamai kimanin kilomita 420 ne. Zuwa Sakkwato bai kai 100 ba. Shi ya sa yara da yawa idonsu na kudu.

A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello ta fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975. Ɗakin wasanta da ƙasa aka gina shi, irin ginin Hausawa. Ɗalibanta sun yi suna wajen shiga ƙauyuka. Sukan zauna da manoma, su ji matsalarsu, su shirya wasa a kanta, a yi shi a dandalin gari, sannan a zauna a tattauna. Jami'ar Bayero ta Kano ita ma tana da sashen wasan kwaikwayo. A Kano ne kuma kasuwar finafinan Hausa ta kafu tun daga 1990. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ana nazarin waƙa da wasan kwaikwayo na Hausa a sashen harsunan Najeriya.

Amma akwai abu 3 da uba zai sani. Na ɗaya, karatun can da Ingilishi ake yi. Yaron da ya tashi da Faransanci sai ya sake koyon harshe. Na biyu, shiga jami'ar can sai ta hannun hukumar jarrabawa da ake kira JAMB, kuma digirin farko shekara 4 ne. Na uku, iyaka tana iya rufewa. Najeriya ta rufe ta daga Agustan 2019 har Disamban 2020. An sake rufe ta a 2023, ba a buɗe ba sai Maris na 2024. Mutanen Ƙonni ba su manta ba. In haka ta sake faruwa, ta ina guzuri zai isa ga yaro?

Ta yamma kuma akwai Wagadugu, inda marigayi Jean-Pierre Guingané ya kafa makarantar wasan kwaikwayo a gidan al'adu na Gambidi. A Bamako akwai babbar makarantar fasaha mai sunan Balla Faseke Kuyate. Can da Faransanci ake karatu. Sai dai hanya ta yi nisa, kuɗin mota da na zama sun fi yawa.

TAMBAYOYI 6 KAFIN A BA DA KO DALA

Makiyayi ba ya sayen sa a kasuwar Badagishiri ko ta Gidan Iddar sai ya buɗe bakinsa ya ga haƙora. Yakan sa a ja shi ya ga tafiyarsa. Haka ake yi wa makaranta. Uba ya je da ƙafarsa. In ba ya iyawa, ya aiki wanda ya yarda da shi, mai karatu. Hoto a salula ba shaida ba ne. Gani ya kori ji.

1. Hukuma ta san da makarantar? A birane akwai makarantu masu zaman kansu da yawa. Wasu na ƙwarai ne, wasu allo ne kawai a bakin ƙofa. A ce su nuna takardar izini ta ma'aikatar da ke kula da su. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

2. Wace takarda ake bayarwa a ƙarshe? Takardar halarta daban, takardar shaidar ƙwarewa daban. Ta farko tana cewa yaro ya zo ne kawai. Ta biyu ita ce ake shiga jarrabawar neman aikin gwamnati da ita. In makarantar waje ce, a tambayi ma'aikatar ilimi mai zurfi a Yamai ko za a karɓi takardarta a Nijar. A yi wannan tambaya kafin tafiya. Bayan dawowa ba ta da amfani.

3. Su wane ne malamai? Sun taɓa hawa dandali? An taɓa jin aikinsu a rediyo? Wanda bai taɓa riƙe hauya ba ba ya koya wa wani noma.

4. Akwai kayan aiki? A duba da ido. Kayan kiɗa nawa ne, ɗalibai nawa ne? Akwai ɗakin gwaji? Akwai wutar lantarki? In ɗalibai 40 suna jiran jita guda, shekara za ta ƙare yaro bai taɓa ta ba. Wannan ilimi na hannu ne da baki da jiki. Allo da alli kaɗai ba sa isa.

5. Ina waɗanda suka gama suke? Wannan ita ce babbar tambaya. A nemi mutum 2 ko 3 da suka fito daga makarantar. A tambaye su a keɓe, ba a gaban darekta ba. Me suke yi yanzu? Suna ci da iyali da abin da suka koya?

6. Nawa ne kuɗin duka? Kuɗin rajista kaɗan ne daga ciki. Sauran na zuwa a ƙasa.

LISSAFI IRIN NA MANOMI

Uba ya sa a rubuta masa komai a takarda, jika-jika. Kuɗin makaranta na shekara. Hayar ɗaki. Abinci na wata 9 ko 10. Kuɗin mota zuwa da dawowa. Kayan kiɗa ko kayan aiki. Kuɗin magani in ciwo ya zo. Ya tara su, sannan ya ninka da yawan shekarun karatu. Abin da ya fito, ya mai da shi buhun albasa ko buhun hatsi. A nan zai ga nauyin abin da idonsa.

Kada ya yi lissafi da farashin shekara mai kyau. Kowa ya san albasa: lokacin cira tana arha, sai an adana ta take tsada, wata shekara kuma ta ruɓe a rudu. Ya yi lissafi da shekarar da damina ta gaza. In ya ga zai iya ɗauka har ƙarshe, to. In sai shekara guda zai iya, gara a nemi karatu gajere. Karatun da aka yanke a tsaka asara biyu ce.

Ɗalibin da ya ci BAK yana iya neman tallafin karatu na gwamnati ta hannun hukumar ANAB. Ba kowa ke samu ba, kuma kuɗin sukan yi jinkiri. Kada a jingina tukunyar gida a kansu. Kada kuma a sayar da gona ko saniyar tatsa don wannan karatu. Ƙannen yaron su ma suna da haƙƙi.

IN ƳA MACE CE

Mata ma suna da rabo a wannan sana'a. Marigayiya Hamsu Garba, ƴar Maraɗi, ta yi shekaru tana waƙa, ƙasa duka ta san muryarta. Gidajen rediyo suna neman mata masu iya magana, don mace ta fi sakin jiki da ƴar'uwarta a kan zancen haihuwa da renon yara.

Amma ga ƴa mace tambayoyi sun ƙaru. A gidan wa za ta sauka? Wa zai zama waliyyinta a birni? Da wane lokaci ake tashi daga gwaji? Akwai malamai mata a makarantar? Uwa ta shiga shawarar tun farko. Iyalin da zuciyarsu ba ta kwanta ba ta fuskar addini su tambayi malamin da suka amince da shi. Su gaya masa ainihin abin da za a koya da irin aikin da za a yi da shi, don ya ba da amsa a kan sani.

ME ZAI CI BAYAN KARATU?

Aikin gwamnati kaɗan ne, masu nema da yawa. Wanda ya gama yana iya zama malami, ko ma'aikacin gidan matasa. Yana iya aiki a Muryar Sahel ko a rediyon karkara. Yana iya buɗe ɗakin ɗaukar murya. Yana iya ba da hayar lasifika a biki da taro. Ma'aikatan lafiya da na noma sukan nemi ƴan wasa don faɗakar da jama'a a kan rigakafi, gidan sauro, ko rikicin manoma da makiyaya a kan burtali. Amma irin wannan aiki yana zuwa ne yana wucewa.

Don haka yaro ya riƙe sana'a ta biyu. Yazi Dogo da alli ya fara. Wanda ya iya ban ruwa a fadamar Ƙonni kada ya manta da shi. Wanda ya tsara waƙa ko wasa kuma ya kai aikinsa ofishin kare haƙƙin masu fasaha, wato BNDA, a rubuta da sunansa.

KADA YA RAINA NA GIDA

Akwai labari guda da ya kamata kowane ɗalibi ya ji. Malam Mamman Barka ɗan Tesker ne. Malamin lakwal ne, makaɗin gurmi, ya kuma yi aiki a CFPM Taya. A 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi wurin wani tsoho, Bukar Tar. Wannan tsoho shi ne gwanin ƙarshe na biram, abin kiɗa mai tsirkiya 5 na masuntan Buduma. Mai takarda ya durƙusa gaban marar takarda ya koya. Da wannan biram ya zagaya ƙasashen Turai. Ya rasu a 2018.

Abin da duniya ta biya kuɗi ta saurara, daga ƙauye ya fito. To, yaron Dogerawa, na Tsarnawa ko na Tajaye ya sani yana da jari. Kirarin ƴan kokowa, tatsuniyar kaka, kiɗan gayya, karin maganar tsofaffi, duka jari ne. Tun 2025 dokar ƙasa ta ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa. Makarantar da ke sa yaro ya ji kunyar harshensa da kiɗan garinsu ta rage masa. Ta ƙwarai ita ce wadda ke karɓar abin da ya zo da shi, ta ƙara masa a kai.

A koma ga manomin Galmi. Kada ya ce a'a cikin fushi, don yaron da aka kora da faɗa yakan tafi ba sallama. Kada kuma ya ce i don kunya. Ya gwada yaron a hutun nan. Ya aika a dubo makaranta 2 ko 3. Ya yi tambayoyin nan 6. Ya yi lissafinsa. Sannan ya tara uwa da yaro da kawu a zaure, a yanke shawara tare. Sai bayan haka za a buɗe rudu.

Wanda ya karanta wannan fili ya karanta wa maƙwabcinsa da bai iya ba tukuna. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya yi wa zuriya albarka, ya ba da damina mai kyau. Sai wata mai zuwa.